Wa ya leƙi takardar wa?

Wajen ƙarshen shekarar 2024 wani abokin aikina ya kira ni teburinsa yana murna, wai in zo in ga abin da kwamfutarsa ta koya. Mac yake riƙewa, kuma bai daɗe da ɗora mata macOS Sequoia ba. Ya kama wata taga da linzami, ya ja ta zuwa gefen hagu, sai ta baje ta cike rabin allo daidai wa daida. Ya ja wata zuwa dama, ita ma ta cike ɗaya rabin. Ya dube ni ya ce, "Ka gani ko, Malam? Mutanen nan akwai basira."

Na ce masa abin ya yi kyau, kuma har zuciyata nake nufi. Sai na ƙara da cewa ai Windows 7 tana yin haka tun 2009. Nan take fuskarsa ta sauya, kamar na zagi wani nasa. Muka ɗan yi musu, kowa ya koma kan aikinsa. Da dare ina tuna maganar, sai na ga ni ma rabin gaskiya na faɗa masa. Windows ta farko, wadda ta fito a watan Nuwamba na 1985, jera tagogi take yi gefe da gefe, ba ta ma yarda ɗaya ta hau kan ɗaya. Masu Linux kuwa sun shekara da shekaru suna da manhajojin da ba su da wani aiki sai yanka allo gida-gida. Har a kan Mac ɗin ma, akwai ƙananan manhajoji irin su Magnet da Rectangle da mutane suka daɗe suna sakawa don su samu wannan abin. To wa ya fara? Duk inda na sa yatsa, sai in tarar da sawun wani a ƙarƙashi.

Na fara taɓa kwamfuta ne a zamanin Windows XP. Daga baya na ɗora Ubuntu, wani nau'in Linux, a kan wata tsohuwar laftof da ta gaji, ta farfaɗo, na yi shekaru da ita. Aiki kuma ya haɗa ni da Mac. Dukansu ukun ina buɗe su har yau, kuma kowace akwai abin da nake so a jikinta. Shi ya sa wannan rigimar ta wa ya kwaikwayi wa take ci mini rai. Kwaikwayon kansa bai taɓa damuna ba. Abin da ke damuna shi ne a kwaikwaya, sannan a hau dandamali a ce ba a taɓa ganin irinsa ba, har a nuna maƙwabci da yatsa ana kiransa ɓarawo.

Duk wanda zai yi wannan magana dole ya bi ta Xerox. A 1970 kamfanin, wanda aka sani da injin kwafin takardu, ya buɗe cibiyar bincike ta PARC a Palo Alto da ke jihar Kalifoniya. A 1973 suka ƙera Alto, kwamfuta mai allon da ke zana hoto, da linzami, da tagogi. Su ma ba daga sama abin ya faɗo musu ba. Douglas Engelbart ya riga ya nuna linzami a gaban taro a San Francisco ranar 9 ga Disamba, 1968, kuma wasu daga cikin waɗanda suka yi aiki da shi sun koma PARC daga baya. A watan Disamba na 1979 Steve Jobs na Apple da mutanensa suka ziyarci cibiyar. Ba ta katanga suka shiga ba: an ba Xerox damar sayen hannun jari 100,000 na Apple a kan dala miliyan 1 kafin a kai kamfanin kasuwar hannun jari, shi kuma ya buɗe musu ƙofa suka gani.

A nan ne labarin yake rabewa gida biyu, kuma kowane gida yana yanke inda ya yi masa daɗi. Masu ƙin Apple sukan ce ai sata kawai ya yi. Masu sonsa kuma ba sa ko ambaton Xerox. Ni dai abin da na gani shi ne, tsakanin abin da aka kalla a PARC da abin da aka sayar wa jama'a akwai aiki mai nauyin gaske. Xerox ya fitar da Star a 1981, kuɗinta ya haura dala 16,000, ba ta yi kasuwa ba. Apple ya fitar da Lisa a 1983 a kan dala 9,995, ita ma ba ta yi ba. Sai a Janairun 1984 Macintosh ta zo a kan dala 2,495. Kafin a kai nan, an mai da linzami mai tsada da saurin lalacewa ya zama mai maɓalli ɗaya, mai araha, wanda za a iya bugawa dubbai. Jerin zaɓin nan da ke saman allo, wanda ake latsawa ya sauko, a Apple aka tsara shi. Bill Atkinson ya warware yadda tagogi za su hau kan juna ba tare da ƙaramar na'ura ta shaƙe ba. Susan Kare ta zana 'yan hotunan da suka sa na'urar ta yi fara'a. Wannan ƙirƙira ce ta gaske, ko da kuwa a kan harsashin wani aka ɗora ta.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ra'ayi yawanci da ƙafa yake tafiya. Larry Tesler, wanda ya yi aikin yanka, kwafa da manna rubutu a PARC, ya koma Apple a 1980. Charles Simonyi, wanda ya gina manhajar rubutu ta Bravo a can, ya koma Microsoft a 1981, kuma a ƙarƙashinsa aka samar da Word. Ita kanta Susan Kare, bayan ta bar Apple, ta zana wa Windows 3.0 hotuna, har da katunan wasan Solitaire. Mutum ya tashi daga wannan ofis ya koma wancan, ta yaya za a ce ya bar abin da ke cikin kansa a bakin ƙofa?

Andy Hertzfeld, ɗaya daga cikin waɗanda suka gina Macintosh, ya ba da labarin ranar da Jobs ya tsare Bill Gates yana zarginsa da cin amana bayan an sanar da Windows a 1983. A ruwayarsa, Gates ya amsa cewa su biyun suna da wani attajirin maƙwabci mai suna Xerox, shi ya fasa gidan don ya ɗauke talabijin, sai ya tarar Jobs ya riga shi. Amsar tana da daɗin ji, kuma akwai gaskiya a cikinta, amma ba ta wanke Microsoft tas ba. A yarjejeniyar da suka ƙulla da John Sculley, shugaban Apple na lokacin, a 1985, Microsoft ya amince a rubuce cewa wasu abubuwan da ake gani a Windows daga Lisa da Macintosh aka samo su, Apple kuma ya ba shi izinin amfani da su. Wannan takardar ce ta dawo ta cije Apple. Da Windows 2.0 ta fito da tagogi masu hawa kan juna, Apple ya kai ƙarar Microsoft da Hewlett-Packard a watan Maris na 1988, ya lissafa abubuwa 189 da ya ce nasa ne. Kotu ta ce 179 daga ciki wannan izinin ya riga ya rufe su, mafi yawan sauran kuma ra'ayi ne da ba wanda zai iya mallaka. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a 1994. Ana tsakiyar wannan, a 1989, Xerox shi ma ya tashi ya maka Apple a kotu, amma ƙarar ba ta je ko'ina ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na sha tambayar kaina, da Apple ne ya yi nasara fa? Da kamfani ɗaya ne zai mallaki taga, da linzami, da kwandon shara na tsawon shekaru. Da duk mai son gina babbar manhaja, wato irin su Windows da ke tafiyar da na'ura gaba ɗaya, sai ya ƙirƙiro wata hanyar daban, ba don ta fi kyau ba, sai don kawai kada ta yi kama. Wa zai sha wahalar? Mu masu amfani da na'urar. Na tuna lokacin da na zaunar da ƙanwata a gaban Linux karo na farko, ita da Windows kawai ta sani. Ban koya mata komai ba. Ta nemi alamar rufe taga ta samu, ta danna Ctrl da C ta kwafa, ta danna Ctrl da V ta manna, ta jefa fayil a kwandon shara, ta ci gaba da aikinta. Waɗannan haruffan Z, X, C da V, a kan na'urorin Apple aka fara jera su a haka, Windows ta ɗauka, Linux ta ɗauka. Yatsunta sun yi hijira da ita ba tare da ta sani ba. Idan wannan ne amfanin kwaikwayo, ni ina so a ƙara.

Inda nake rabuwa da su shi ne wajen talla. A ranar da aka ƙaddamar da Windows 95, 24 ga Agusta, 1995, Apple ya sayi shafi a jaridu ya rubuta C:\ONGRTLNS.W95, wato gaisuwar taya murna da aka datse ta zama haruffa takwas da uku, irin yadda DOS, tsohuwar babbar manhajar Microsoft, take tilasta wa mutum ya sa wa fayil suna. Saƙon a fili yake: abin da kuke murnar samu yau, mu mun daɗe da shi. Wannan karon suna da hujja, don Macintosh tana karɓar dogon suna tun da daɗewa. Amma bayan shekara biyu kacal, a Agustan 1997 a Boston, Apple yana gab da durƙushewa, sai ga fuskar Gates a makeken allo bayan Jobs, ana sanar da cewa Microsoft zai zuba dala miliyan 150 a Apple, kuma zai ci gaba da yi wa Mac manhajar Office na shekara biyar. Mutanen da ke zauren suka yi ihun ƙin amincewa. Su an shekara ana koya musu cewa yaƙi ake yi, alhali manyan suna iya zama teburi ɗaya duk ranar da lissafi ya buƙata. Wannan ne abin da na gani a fuskar abokina rannan. Ƙiyayyar da aka ƙera don sayar da kaya takan zauna a zuciyar mai saye, ta fi ƙarfin yadda take a zuciyar mai sayarwa.

A taron masu rubuta manhaja na 2004, Apple ya rataye manyan kyallaye a zaure yana tallar Mac OS X Tiger. Ɗaya daga ciki yana kiran Redmond, garin da hedikwatar Microsoft take, cewa su kunna injinan kwafinsu. Jama'a suka yi dariya, kuma da Windows Vista ta fito a Janairun 2007 da akwatin bincike da 'yan ƙananan manhajoji a gefen allo, sai aka ce ga shi nan, an faɗa. To amma a wannan taron dai aka nuna Dashboard, wato 'yan ƙananan manhajojin agogo, yanayi da lissafi masu shawagi a kan allo. Tun 2003 mutum biyu, Arlo Rose da Perry Clarke, suke sayar da Konfabulator, wadda take yin kusan wannan aikin a kan Mac. Masu kare Apple sun ce ai Macintosh ta 1984 ma tana da ƙananan kayan tebur irin su kalkuleta, kuma haka ne. Sai dai ni a ganina, wanda ya san abin nasa yana da irin wannan tarihi mai sarƙaƙiya bai kamata ya rataye wannan kyallen ba. Laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani.

Kafin wannan ma akwai Watson. Wani ƙaramin kamfani, Karelia, ya fitar da ita a 2001, tana tattaro bayanai daga intanet ta jera wa mutum a taga ɗaya. Har lambar yabo Apple ya ba ta a 2002. A wannan shekarar kuma Apple ya fitar da Sherlock 3 a cikin babbar manhajarsa, kyauta, tana yin kusan duk abin da Watson take yi. Daga nan ne sunan Sherlock ya zama kalmar aikatau a bakin masu rubuta manhaja, ma'anarta mai babbar manhaja ya haɗiye sana'arka. Microsoft ma yana da nasa. A watan Mayu na 2020 ya fitar da winget, manhajar saukar da wasu manhajoji ta hanyar rubuta umarni. Sai Keivan Beigi, wanda ya gina AppGet mai irin wannan aikin, ya fito ya ba da labarin yadda kamfanin ya tuntuɓe shi, aka yi ta tattaunawa har da batun ɗaukarsa aiki, aka yi shiru, sannan ya ga abin da ya yi kama da nasa ya fito. Daga baya Microsoft ya amsa a fili cewa bai ba shi yabon da ya cancanta ba.

Waɗannan labaran sun fi taɓa ni fiye da duk shari'ar Apple da Microsoft. Idan giwaye biyu suka kwaikwayi juna, kowannensu yana da lauyoyi, da kuɗin talla, da miliyoyin masu saye, ba wanda zai kwana da yunwa. Amma mutum ɗaya ko biyu da suka ga wani giɓi, suka kwana suna rubutu har suka cike shi, ba su da komai sai sunansu a kan abin. Ban ce kada babbar manhaja ta ɗauki kyakkyawan ra'ayi ba. Wani lokaci ma wurin da ya dace abin ya zauna ke nan, inda kowa zai samu ba sai ya nema ba. Amma a saya, ko a ɗauki mutumin aiki, ko aƙalla a kira sunansa a kan dandamalin da ake tafa wa abin. Jimla ɗaya ce, ba ta rage wa kowa ciniki.

A wayoyi ma haka zancen yake, sai dai ya fi sauri. Android ta sauya kamanni bayan an nuna iPhone a 2007. Labulen sanarwa da ake ja daga sama yana Android tun 2008, ya iso iOS a 2011. Jera manhajoji kamar katuna a share su da yatsa, webOS ta Palm ce ta yi fice da shi a 2009, yau yana ko'ina, ita kuwa webOS ta bar wayoyi.

Sannan akwai abin da masu kukan rashin ƙirƙira ba sa son a tuna musu: duk lokacin da wani ya fito da sabon abu na gaske, mu ne muke fara juya masa baya. Windows Phone 7 ta 2010 ba ta yi kama da kowa ba. Manyan murabba'ai masu motsi, rubutu a sarari, babu ƙyalƙyali. Ni ta burge ni ƙwarai. Ba ta samu kasuwa ba, amma salonta na shimfiɗaɗɗen zane bai mutu ba, don a 2013 iOS 7 ta watsar da ƙyalli da inuwa ta bi wannan hanyar. Windows 8 ta cire maɓallin Start a 2012, aka yi ca a kanta, aka dawo da maɓallin a 2013, aka dawo da jerin zaɓinsa a Windows 10 a 2015. Da GNOME 3, ɗaya daga cikin fuskokin allo na Linux, ta sauya fasalin tebur a 2011, wasu masu Linux suka ɓalle suka kafa MATE da Cinnamon don su riƙe abin da suka saba. Babbar manhaja kamar ɗakin kwana take, mutum yana so ya miƙa hannu cikin duhu ya tarar da abu inda ya bar shi. Kamfanonin sun san haka. Suna matsowa kusa da juna ne don mai sauya sheƙa kada ya ji baƙunci, sannan sashen talla ya fito ya rantse cewa ba su haɗa komai ba.

Abin da ya ja ni ga Linux tun farko, bayan ta ceci tsohuwar laftof ɗina, shi ne a can ba a ɓoye asali. Da Linus Torvalds ya sanar da aikinsa ranar 25 ga Agusta, 1991, yana ɗalibi a Helsinki, a zauren intanet na masu amfani da MINIX, wata babbar manhaja ta koyarwa, ya yi, kuma ya faɗi a fili abin da aikin nasa ya yi kama da shi. Sunan GNU, aikin manhaja mai 'yanci wanda Richard Stallman ya fara a 1983, yana ɗauke da sunan tsohuwar babbar manhajar nan Unix a cikinsa. Ita kuma Unix, wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka faro a Bell Labs a 1969, ita ce kakar kusan kowa yanzu. Mac OS X ta 2001 an gina ta ne a kan NeXTSTEP, wadda ta tsaya a kan Mach ta jami'ar Carnegie Mellon da BSD ta jami'ar Kalifoniya a Berkeley. Android a kan ƙwayar Linux take zaune, wato zuciyar babbar manhajar. Microsoft, wanda shugabansa na lokacin, Steve Ballmer, ya kira Linux cutar daji a 2001, ya shiga Gidauniyar Linux a 2016, kuma yau yana raba ƙwayar Linux ta gaske a cikin Windows. Shi kansa MS-DOS da ya kafa arzikin kamfanin, sayo shi aka yi a 1981 daga Seattle Computer Products, inda Tim Paterson ya rubuta shi da tsarin da ya bi sawun CP/M ta Gary Kildall. Ba wai mutanen Linux waliyyai ba ne, su ma suna kwaikwayon fasalin Windows da na Mac ƙarara. Bambancin shi ne lasisinsu ya wajabta a bar sunan mai aikin a jikin aikin, duk inda aka kai shi.

Washegarin musunmu na koma teburin abokina. Ban je don in ci gaba da gardama ba. Na roƙe shi ya buɗe saitunan wayarsa, ya gangara can ƙasa inda aka rubuta bayanan doka da lasisi, shafin da kusan ba wanda yake buɗewa. Ya fara ja da yatsa, rubutu ƙanana-ƙanana, shafi bayan shafi, sunayen jami'o'i, da gidauniyoyi, da ɗaiɗaikun mutane da shekarun da suka yi aikin. Na gaya masa cewa sunan hukumar jami'ar Kalifoniya yana cikin ƙwayar macOS ɗin da yake alfahari da ita, kuma wannan sunan dai an same shi a cikin wasu tsofaffin fayilolin sadarwa na Windows. Ya yi shiru yana ta ja, jerin ya ƙi ƙarewa. Can ya ɗago ya ce, "Duk waɗannan suna cikin wayar nan?" Na ce masa suna ciki, kuma wasunsu tun kafin a haife mu suka rubuta abin da aka ɗauka. Ya ajiye wayar, ya kama tagarsa ya ja ta gefen hagu, ta cike rabin allo, ya ci gaba da aikinsa.